Ronaldo na Birazil, ɗan wasan da gwiwa ta kayar sau uku

Manomi yana da gona, maƙeri yana da uwar maƙera, ɗan ƙwallon ƙafa kuwa ba shi da wani jari sai jikinsa. In jarin nan ya taɓu, to, duk sauran abin da aka gina a kansa, suna ne ko dukiya, yana iya rushewa cikin minti ɗaya. A tarihin wasan ƙwallo da wuya a sami wanda rayuwarsa ta nuna gaskiyar wannan magana kamar Ronaldo, ɗan wasan gaba na ƙasar Birazil, wanda mutanen Italiya suka laƙaba wa suna Fenomeno, wato abin al'ajabi. Kada masu karatu su haɗa shi da Cristiano Ronaldo na ƙasar Fotugal, wanda ya zo daga baya. Wannan da muke magana a kansa, sau uku jijiyar gwiwa tana yanke masa a tsakiyar fili, sau uku kuma yana komowa. Tarihinsa ya kasu gida biyu: zamanin da ƙarfi da gudu suka ɗauke shi, da zamanin da haƙuri ya ɗauke shi.

Daga Bento Ribeiro zuwa Turai

An haifi Ronaldo Luis Nazario de Lima a watan Satumba na shekara ta 1976 a jihar Riyo de Janero. Ya tashi a Bento Ribeiro, wata unguwa ta ma'aikata da masu ƙaramin ƙarfi a arewacin birnin Riyo, nesa da bakin teku inda masu hali suke zaune. Yana da shekara 11 iyayensa suka rabu, daga nan kuma sha'anin lakwal ya fita daga ransa, ya mai da hankalinsa gaba ɗaya ga tamaula.

Kamar yawancin yaran Birazil, ya fara da ƙwallon ɗaki da suke kira futsal. Mutum biyar-biyar ne ake yi a kan daɓe mai tauri, da ƴar ƙaramar ƙwallo mai nauyi wadda ba ta tsalle. Da yake filin ƙarami ne, dole yaro ya koyi riƙe ƙwallo kusa da ƙafarsa, ya yanke shawara kafin a rufe shi, ya kuma iya bugu da tsinin takalmi ba tare da ya ja ƙafa baya ba. Waɗannan dabaru ba su rabu da Ronaldo ba har ƙarshen wasansa.

A wata ƙaramar ƙungiya ta Riyo mai suna Sao Cristovao ya shiga babban fili. Can ne Jairzinho, gwarzon nan da ya ci ƙwallo a kowane wasa na kofin duniya na 1970, ya lura da shi. A shekara ta 1993, yana da shekara 16, ya koma ƙungiyar Cruzeiro ta birnin Belo Horizonte, inda ya jefa ƙwallo 44 cikin wasa 47, har da biyar da ya zura wa ƙungiyar Bahia rana ɗaya. Bai cika shekara 18 ba aka tafi da shi kofin duniya na 1994 a Amurka. Birazil ta ci kofin, shi kuwa yana zaune a benci, bai buga ko minti ɗaya ba, yana kallon yadda Romario da Bebeto suke aiki.

Romario ɗin nan ne ya ba shi shawarar ya fara zaman Turai daga ƙasar Holan, a ƙungiyar PSV ta birnin Eindhoven, inda shi ma ya taɓa zama. A kakarsa ta farko Ronaldo ya ci ƙwallo 30 a gasar ƙasar. Amma a kaka ta biyu gwiwa ta fara yi masa gargaɗi, har aka yi masa aiki a farkon shekara ta 1996, yana ɗan shekara 19. A lokacin mutane kaɗan ne suka ɗauki abin da muhimmanci, domin yaron ya warke ya ci gaba da gudu kamar ba a yi ba.

A daminar wannan shekara ya je wasannin Olamfik na Atlanta, kuma mutanen Afirka ba za su manta da abin da ya faru ran 31 ga watan Yuli ba. Birazil tana gaba da ci 3 da 1 a wasan kusa da na ƙarshe, sai Nijeriya ta farfaɗo, Nwankwo Kanu ya jefa biyu, aka tashi 4 da 3. Tawagar da ta ƙunshi Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal ta wuce ta ɗauki zinariya, Ronaldo da abokansa suka koma gida da tagulla.

Shekara biyu da babu mai tare shi

Ƙungiyar Barsalona ta ƙasar Ispaniya ta saye shi a kan dalar Amurka miliyan 19 da rabi, kuɗin da ba a taɓa biya domin ɗan wasa ba kafin nan. Kaka ɗaya tak ya yi a can, ta 1996 zuwa 1997, ya ci ƙwallo 47 cikin wasa 49. Wadda aka fi tunawa ita ce wadda ya ci ƙungiyar Compostela a watan Oktoba na 1996. Ya karɓi ƙwallo a wajen tsakiyar fili, wani ya riƙe masa riga yana ja, ya fizge, ya ratsa masu tsaron baya ɗaya bayan ɗaya har ya kai ta raga. Mai horar da ƙungiyar, Bobby Robson ɗan Ingila, wanda ya tsufa cikin harkar ƙwallo, sai aka gan shi ya dafe kai da hannu biyu.

Abin da ya bambanta shi da sauran ƴan wasan gaba na zamaninsa shi ne ba ya tsayawa bakin raga yana jiran a kawo masa. Yakan sauko tsakiya ya ɗauki ƙwallo da kansa, ya tasar wa masu tsaron baya a guje, ƙwallon na manne da ƙafarsa. Yana da ƙirar ƙaƙƙarfa da saurin ɗan tsere, sa'an nan yana iya tsayawa cak a tsakiyar gudu, ya kewaya ƙafa bisa ƙwallo sau biyu ko uku, ya juya ta inda ba a zata ba. In ya rage daga shi sai mai tsaron gida, yawanci yakan yaudare shi ya faɗi, ya kewaye shi, ya tura ƙwallo cikin ragar da babu kowa.

Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya ta zaɓe shi gwarzon shekara a 1996, yana da shekara 20, ta sake zaɓensa a 1997. A wannan shekara kuma ya karɓi kyautar ƙwallon zinariya ta mujallar France Football. Da shawarar sabunta yarjejeniya ta wargaje tsakanin wakilansa da Barsalona, sai ƙungiyar Inter ta birnin Milan ta biya dalar Amurka miliyan 27 ta ɗauke shi. Sau biyu ke nan cikin shekara guda yana zama ɗan wasa mafi tsada a duniya. A Inter ya tarar da Kanu, ya kuma yi wasa tare da Taribo West, suka ci kofin UEFA a watan Mayu na 1998 bayan sun doke Lazio 3 da babu a birnin Paris.

Sai dai ya kamata a duba irin nauyin da aka ɗora wa wannan matashi. A shekara ta 1997 kaɗai, ban da wasannin Ispaniya da na Italiya da na Turai, ya buga gasar sada zumunci a Faransa, ya wuce Bolibiya ya ci kofin Amurka ta Kudu, a watan Disamba kuma yana Saudiyya wajen kofin nahiyoyi. Ƙungiyarsa tana bukatarsa, ƙasarsa tana bukatarsa, masu tallan kaya suna bukatarsa. Kowa yana ɗiban ruwa a rijiyar, babu mai tambayar zurfinta.

Daren 12 ga watan Yuli na 1998

A kofin duniya na Faransa ya jefa ƙwallo 4, ya kai Birazil wasan ƙarshe. Ranar wasan, bayan cin abincin rana, ya kwanta a ɗakin da suke tare da Roberto Carlos, sai jikinsa ya kama jijjiga irin ta mai farfaɗiya, ya fita hayyacinsa. Aka kai shi asibiti. Mai horar da ƴan wasa, Mario Zagallo, ya fitar da jerin sunaye babu shi, ya sa Edmundo a gurbinsa. Gwajin da likitoci suka yi bai nuna wata cuta ba, saboda haka Ronaldo ya iso filin wasa na Stade de France ana gab da farawa, ya ce shi lafiyarsa lau, a sa shi. Aka sauya takarda aka mai da sunansa.

Wanda ya shiga fili a daren nan inuwar Ronaldo ce kawai, abokansa kuma hankalinsu yana kansa. Zinedine Zidane ya ci biyu da ka, Emmanuel Petit ya ƙara ta uku, Faransa ta ɗauki kofinta na farko. A Birazil maganar ba ta mutu ba. Majalisar dokoki ta kafa kwamitin bincike a kan yarjejeniyar da ke tsakanin hukumar ƙwallon ƙasar da kamfanin Nike, aka kira Ronaldo ya ba da shaida a shekara ta 2001. Ya ce shi da kansa ya nemi a sa shi, binciken kuma bai tabbatar da zargin cewa kamfanin ne ya tilasta ba. Duk da haka tambaya ɗaya ta rage wadda ta shafi manyan da ke kewaye da shi: saurayi ɗan shekara 21 da ya suma da rana, wa ya kamata ya yanke hukunci a kan shigarsa fili da dare, shi ko likita?

Gwiwa

A gaban gwiwar mutum akwai wata jijiya mai kauri da ta haɗa ƙoƙon gwiwa da ƙashin ƙwauri. Ita ce ke isar da ƙarfin naman cinya zuwa ƙafa, da ita ake miƙe ƙafa, da ita ake tsalle, ita ce kuma ke ɗaukar nauyin jiki duka sa'ad da mai gudu ya taka burki. Salon wasan Ronaldo, na gudu da tsayawa da juyawa nan take, a kan wannan jijiya yake sauka kullum.

Ran 21 ga watan Nuwamba na 1999, a wasan Inter da Lecce, jijiyar gwiwarsa ta dama ta tsage. Farfesa Gerard Saillant ya yi masa aiki a birnin Paris. Bayan wata biyar, ran 12 ga watan Afrilu na 2000, ya komo a wasan ƙarshe na kofin Italiya da Lazio a birnin Roma. Bai cika minti bakwai a fili ba, ya tasar wa masu tsaron baya, ya kewaya ƙafa bisa ƙwallo kamar yadda ya saba, sai ya zube ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Wannan karo jijiyar ta tsinke gaba ɗaya. Ƴan wasan ɓangarorin biyu suka dafe kai, aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya yana kuka.

Yana da shekara 23 a lokacin. Masana da yawa sun ce ƙwallo ta ƙare masa, domin a wancan zamani ba a saba ganin ɗan wasan da ya komo daga irin wannan rauni ya koma matsayinsa na da ba. Aka sake yi masa aiki a Paris, sa'an nan ya shiga wahalar da babu ɗan kallo ko mai tafi a cikinta. Gwiwar da aka ɗinke takan ƙage, sai an riƙa lanƙwasa ta kaɗan-kaɗan kowace rana, cikin azaba, kafin ta yarda ta naɗe. Naman cinya yakan zube, sai an sake gina shi cikin ruwa da kan keke da ɗaga ƙarfe. Mai yi masa gashi, Nilton Petrone, ya zauna tare da shi wata da watanni a kan wannan aiki. Kakar 2000 zuwa 2001 ta wuce bai buga wasa ko ɗaya ba. Da ya komo a ƙarshen 2001, sai ƙananan raunuka na naman cinya suka riƙa mai da shi baya. Ran 5 ga watan Mayu na 2002 kuma Inter ta zubar da gasar Italiya a wasan ƙarshe na kaka, a filin nan dai na Roma, a hannun Lazio, aka ga Ronaldo a benci hawaye na zuba.

Yokohama

Birazil ma a lokacin tana cikin wani hali. Ta sha kashi sau 6 a wasannin neman shiga kofin duniya na 2002, da ƙyar ta samu wucewa. Jama'a suna ta kiran a ɗauki Romario, amma mai horarwa Luiz Felipe Scolari ya ƙi, ya ɗauki Ronaldo wanda bai buga ko ɗaya daga cikin wasannin neman shigar ba. Mutane da dama sun ɗauki abin caca.

Wanda ya sauka a Koriya ta Kudu da Japan wani Ronaldo ne dabam. Ya rage dogon gudu daga tsakiyar fili, ya bar wa Rivaldo da Ronaldinho wannan aiki, shi kuwa ya koma karanta wasa, yana sanin inda ƙwallo za ta faɗo kafin ta faɗo. Ya ci Turkiyya, ya ci Sin, ya ci Kosta Rika biyu, ya ci Beljiyam. Ingila kaɗai ce ta tsira daga gare shi. A wasan kusa da na ƙarshe, da suka sake gamuwa da Turkiyya, da tsinin takalmi ya soka ƙwallo tsakanin masu tsaron baya, irin bugun da ya koya a ƙwallon ɗaki yana yaro. Askin nan da ya yi a lokacin, wanda ya bar ɗan tukku a goshi, ya bayyana daga baya cewa dabara ce don ƴan jarida su bar maganar ciwon da ke damunsa a ƙafa su koma maganar gashi.

Ran 30 ga watan Yuni na 2002, a birnin Yokohama, Birazil ta gamu da Jamus. Mai tsaron gidan Jamus, Oliver Kahn, ƙwallo ɗaya tak aka ci shi a wasa shida. A minti na 67 Ronaldo ya ƙwace ƙwallo ya ba Rivaldo, Rivaldo ya buga, ta kuɓuce daga hannun Kahn, Ronaldo da ya biyo sawu ya tura ta raga. A minti na 79 Kleberson ya kawo ƙwallo daga dama, Rivaldo ya buɗe ƙafa ya bar ta ta wuce, Ronaldo ya tsayar da ita ya aika ta kusurwa. Birazil ta ɗauki kofinta na biyar. Shi kuwa ya gama gasar da ƙwallo 8, adadin da babu wanda ya kai tun bayan Gerd Muller a 1970, aka kuma sake ba shi kyautar gwarzon duniya da ƙwallon zinariya.

Sauran tafiya

Bayan wata biyu ya bar Inter ya koma Real Madrid a kan kuɗin Turai yuro miliyan 46, wato kimanin miliyar 30 na sefa. Magoya bayan Inter sun ji zafin abin ƙwarai, domin shugaban ƙungiyar, Massimo Moratti, ya jira shi duk tsawon jinyarsa. Shi kuwa ya ce zama ba zai yiwu ba tsakaninsa da mai horarwa Hector Cuper. A Madrid ya ci gasar Ispaniya a 2003, ya jefa ƙwallo fiye da 100, kuma a watan Afrilu na 2003 ya zura wa Manchester United uku a gidanta, har magoya bayanta suka miƙe tsaye suna tafa masa sa'ad da yake fita.

A kofin duniya na 2006 a Jamus jikinsa ya yi nauyi, ƴan jarida suna ta yi masa ba'a. Duk da haka ya ci Japan biyu, sa'an nan ran 27 ga watan Yuni a birnin Dortmund ya kewaye mai tsaron gidan Gana, Richard Kingson, ya jefa ƙwallonsa ta 15 a tarihin gasar, ya wuce Muller mai 14. A shekara ta 2007 ya koma ƙungiyar AC Milan, inda likitoci suka gano yana da ciwon tiroyid, wata ƴar halitta a maƙogwaro wadda in ta yi rauni jiki ba ya ƙona abinci yadda ya kamata, sai ƙiba ta taru. Ran 13 ga watan Fabrairu na 2008, a wasa da Livorno, jijiyar gwiwarsa ta hagu ita ma ta tsinke. Yana da shekara 31, amma ya sake ɗaukar shekara guda yana jinya, ya koma gida ya shiga ƙungiyar Corinthians ta birnin Sao Paulo, ya ci mata kofi biyu a 2009. Ran 14 ga watan Fabrairu na 2011 ya tara ƴan jarida ya sanar da cewa ya aje takalmi, yana mai bayanin cewa zuciyarsa tana son ci gaba amma jiki ya ƙi. Ya bar wa ƙasarsa ƙwallo 62 cikin wasa 98. Babban kofin zakarun Turai kuwa bai taɓa ɗaga shi ba.

Bayan ya bar fili bai bar harkar ba. A shekara ta 2000 ya zama jakadan hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, shi da Zidane kuma suka fara shirya wasan yaƙi da talauci a 2003. Ya sayi mafi yawan hannun jarin ƙungiyar Valladolid ta Ispaniya a 2018, da na Cruzeiro a 2021, daga baya ya sayar da su duka. Ran 8 ga watan Yuli na 2014, a Belo Horizonte, garin da ya fara suna, yana cikin fili yana sharhi a telebijin sa'ad da Miroslav Klose ya ci ƙwallonsa ta 16 ya wuce shi, a daren da Jamus ta lallasa Birazil 7 da 1.

Masu sha'awar ƙwallo suna yawan tambayar abin da Ronaldo zai zama da gwiwarsa ba ta ci amanarsa ba. Tambayar da ta fi amfani ga masu horar da yara da shugabannin ƙungiyoyi ita ce yadda aka yi saurayin da aka yi wa aikin gwiwa yana ɗan shekara 19 ya ci gaba da wasa rani da damina, ƙasa zuwa ƙasa, har jijiya ta tsinke yana ɗan shekara 23. Yaro mai hazaƙa ba zai taɓa cewa a hutar da shi ba, ko da yana ɗingishi. Aikin manya ne su ce masa ya zauna, su kuma saurari likita ko da kofi yana gaba. Matasan da ke jinyar rauni kuwa, su tuna cewa ƙwallo biyun nan na Yokohama an fara cin su ne a ɗakin gashi, cikin watannin da mutumin yake koyon lanƙwasa ƙafa kamar jariri mai koyon tafiya.